Ranar da Aka Koya wa Yayana Faɗuwa

Yayana ya yi dambe tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa a gemu, ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Wanda bai san dambe ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A wajenmu, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa a fage, an kashe ka ke nan, ko da ka miƙe kana dariya. Mu mahauta ne, dambe gadonmu ne. Da Babanmu ya ajiye dambe, sai ya ɗauki zaren da yake ɗaure hannunsa da shi, wanda shi ma wajen ubansa ya karɓa, ya miƙa wa Yaya. Ni ba a ba ni komai ba, don tun farko mota na bi.

Motar ce ta kai ni Riyad, a shekarun da kuɗin mai suka haukata garin. Ko'ina ka duba rami ne da rodi da ƙurar siminti. Ina tuƙa wani injiniya Bature a kamfanin gine-gine, da na ga ana ɗibar leburori sai na yi wa Yaya hanya ya zo. Mutumin da in ya shiga kasuwar Gusau ake dare masa hanya, ga shi da buhun siminti a kafaɗa, wani da bai kai sa'ar ƙaninsa ba yana yi masa "yalla, yalla", wato ya yi sauri. Fasfo ɗinsa kuwa yana hannun kafili, Balaraben da muke zaune a ƙarƙashin sunansa. Ba ka fita ƙasar sai ya ga dama.

Ranar Juma'a bayan la'asar muke ɗan samun kanmu. Akwai wani fili mai yashi a bayan katangar sansaninmu, nan Hausawa ke haɗuwa, na Nijeriya da na Nijar, a yi dambe turmi biyu ko uku. Kalangu babu, garin ba ya son kiɗa, sai dai wani ya riƙa taɓa garwar mai a hankali. Yaya bai cika shiga ba, don ba mai nuna masa hannu ya ce su kara. Samari kan zo su durƙusa su gaishe shi, shi kuma ya zauna a kan bulo yana gyara musu tsayuwa.

Ana haka ƙanin matar injiniya ya zo daga Turai, mai shirya fim ne, kamfani ya kira shi ya ɗauki hoton gine-ginensa. Ni aka ce in riƙa zagayawa da shi. Wata Juma'a ya jiyo garwar nan ya ce in tsaya. Aka yi rashin sa'a ranar Yaya ya ɗaura zare don ya nuna wa wani yadda ake kai hannu. Baturen ya tsaya baki buɗe. Ya ce in kira masa mutumin nan, shi yake nema.

Da ɗan Turancina na direba na yi musu tafinta. Ya ce yana shirin wani fim a kan wasu mutanen ƙasashensu da ake kira Romani. Ba su da gari, iyali guda ke yawo a keken doki daga kasuwa zuwa kasuwa. Ana ƙyamarsu, ba a son haɗa aure da su, amma dambe a jininsu yake, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika.

Yaya ya gyara zama. Ya ce, "Gaya masa mu ma bayan kaka haka muke bin garuruwa. Gaya masa mu ma ba kowa ke ba mu 'ya ba. Ai labarin gidanmu yake bayarwa."

Baturen ya yi ta murna. Ya ce a fim ɗin akwai wani baƙin mutum, ɗan jirgin ruwa, da ya gagari kowa a gari. Shi yake so Yaya ya zama. Zai sa injiniya ya yi wa kafili magana a saki fasfo, a hau jirgi, a rabu da siminti. A ƙarshen fim sai ɗan gidan Romanin ya fito ya kare sunan ubansa, a gwabza, ɗaya ya faɗi.

Yaya ya ce, "Wa ya faɗi?"

Na tambaya. Na juyo na ce, "Kai, Yaya."

Bayan magariba muka zauna cin abinci. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka rabu da mutumin nan. Ya tafi ya nemi mai faɗuwa a garinsu." Sai ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini kafaɗa, siminti ya cinye fatar, ta yi ja kamar naman da aka feɗe.

Ya ce, "Kai kana cikin mota iska na kaɗa ka. Wasa ne fa, kowa ya san wasa ne. In faɗi sau ɗaya in bar ƙasar nan, laifi ne?"

Na mayar da idona kan kwanon abinci.

Baturen ya ce sai an yi gwaji ya kai wa masu kuɗin fim su gani. Juma'ar da ta biyo ya kafa kyamararsa a filinmu. Abokin karawar da ya samo wa Yaya wani Bature ne mai gyaran lantarki, da tumbi, wanda ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba. Na raɗa wa Yaya ya cire zaren Baba, mu nemi wata igiya. Mai fim ya hango ya ce a'a, a'a, wannan tsohon zaren shi ne kyan abin, a bar shi.

Mai tumbi ya kawo hannu ya taɓa haɓar Yaya. Yaya na tsaye. Aka sake, yana tsaye. Ba taurin kai ba ne, wallahi jikinsa ne bai san hanyar ƙasa ba. Mai fim ya bar kyamara ya zo ya zube a yashi da kansa, ya nuna masa: a saki gwiwa, a juya wuya, a bar hannu ya tafi. Ni kuma ina tsaye ina fassara wa yayana yadda ake faɗuwa. Da ya fara kai gwiwa ƙasa, mai garwa ya daina kiɗa. Mai fim ya ce bai yi ba, ya sauka kamar mai shirin sallah, a sake. Aka yi ta sakewa. Yamalawa da 'yan Fakistan sun hau katanga suna shewa. Mutanenmu ko tari babu mai yi. Can Yaya ya saki jikinsa gaba ɗaya, ya tafi rigingine, ƙura ta tashi, hannun nan mai zare ya bugi yashi. Mai fim ya yi tsalle yana tafi. Ni dai na ji kamar in fasa kyamarar a kansa.

Ya tafi da alkawarin za a ji daga gare shi. Yaya ya koma ɗaukar siminti, kullum in na dawo sai ya dube ni, in girgiza kai. Filin Juma'a kuwa bai sake takawa ba. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo, aka yi aikin Hajji aka watse.

Wata safiya ina tuƙa injiniya ta wajen unguwar Dira, yana duba takardunsa, sai ya ce, "Af, na manta. Surukina ya samu wanda zai yi ɗan jirgin ruwan nan. Masu kuɗi sun ce sai fuskar da aka sani, wani ɗan wasa suka ɗauka." Ya ƙara da cewa a gaishe da yayana, wai ɗan wasan ya yi ta kallon hoton gwajin don ya koyi faɗuwar, ba a taɓa ganin mai faɗuwa da kyau haka ba. Yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa yabo ya kawo mana. Allah ne ya tsare ban saka motar a shagon wani ba.

Da na gaya wa Yaya, ya ce, "To." Ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Labari ya riga mu gida. Wani da ke filin ranar ya koma bayan Hajji, kuma kafin maganar ta kai Gusau kyamara ta ɓace daga cikinta. Abin da ya rage shi ne wani Bature mai tumbi ya kashe Yaya a Riyad, ba sau ɗaya ba. Har yau in na tuna masu yaɗa wannan magana raina ɓaci yake. Suna wurin, sun ga komai.

Da kwangilar Yaya ta ƙare muka taho tare. Mun tarar da Baba a zaure, ya tsufa, ido ya fara rauni. Aka gaisa, aka sha ruwa. Bai tambayi tsaraba ba, bai tambayi hanya ba.

Ya ce wa Yaya, "Gwiwarka ta taɓa ƙasa?"

Na yi caraf na ce, "Baba, fim ne, wasa ne, mutumin ko taɓa shi bai..."

Ya ce, "Kai direba, ba da kai nake ba." Ya sake juyawa. "Ta taɓa?"

Yaya ya ce, "Ta taɓa, Baba."

"Da zaren a hannunka?"

"Da shi."

Baba ya miƙo tafin hannu. Yaya ya buɗe jakarsa, ya ciro zaren a naɗe cikin tsumma, ya durƙusa ya ɗora masa.

Fim ɗin ban taɓa ganinsa ba, ban kuma nema ba. Washegari da safe na fito zan yi alwala, na ga bunsurun da za a kai mayanka a kwance a tsakar gida, an ɗaure masa ƙafafu da zaren.