Baba Tankari da Kunamar Sifen

In ka tambayi 'yan Kano da ke unguwar Dengfeng a Chaina wane ne Baba Tankari, za su ce maka dattijon nan na Maradi mai duba kwaɗon kulle ƙofa. Masu masana'anta in sun hango shi sai murmushin dole, don kwali ba ya wucewa bai buɗe ba. Hajiya Saffana mai gidan tuwo ta taɓa ce mini, "Bawan Allahn nan ko cokali ka miƙa masa sai ya lanƙwasa ya ji ƙarfinsa."

Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Bayan asuba ya nufi wajen haɗa kaya a unguwar Baiyun, ya zauna kan kwali, yana danna kwaɗo da makullan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Wanda sifirinsa, wato ɗan ƙarfen da ke dannuwa ya dawo, ya yi laushi ya ware shi gefe, kada ɗan kasuwa ya kwashi asara zuwa gida.

Gidansu maƙeran bindigar toka ne, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A hannun mahaifinsa ya fara ganin kunamar bindiga ƙirar Sifen, ta wani maharbi, aka ce da ayarin Sahara ta iso. "Ita ba ta ɓoye komai," in ji shi. "Sifirinta a waje yake, kana kallo yana aiki. Ka ja ta rabi, wani ɗan haƙori ya leƙo ya riƙe ta. Sai ka ja duka za ta faɗa kan 'yar hular tagulla, wuta ta kama." A Chaina kuwa bai taɓa riƙe bindiga ba.

Bara Ghali, wani matashin ɗan kasuwa daga Bichi, ya nuna masa hoto a waya. Bindigar mahaifinsa ce, tsohon maharbi, mai irin wannan kunama, sifirinta ya karye. Ghali ya ce, "Baba, ka zana mini ita kawai. Ina da lawban, wani mai masana'anta, da zai buga mini da yawa. 'Yan sa-kai nema suke."

Tankari ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ɗana, a nan kurkuku ce. A gida kuma ban san ƙirjin wa za ta kalla ba. Ba zan zana ba."

Ghali ya tashi a fusace. Kafin Juma'a magana ta zagaye unguwa cewa tsohon yana kai wa 'yan sanda rahoto. Duk wanda ya zauna a nan ya san nauyin wannan. Mutane suka daina kiransa duba kaya. A gidan tuwo nakan same shi shi kaɗai a teburi, bai taɓa kare kansa ba.

Sai da Ghali ya je gida ya tarar da mahaifinsa a zaure yana ja da sakin kunamar, tana ƙara kamar sabuwa. Ashe Tankari ya nemo lambar maƙerin garin su Ghali, ya yi ta bin sa a waya har ya gyara wannan guda ɗayar.

Kai ne, Baba, ka ƙi abin da ya kamata a ƙi, ba ka kuma bar tsoho da karyayyar bindiga ba. Ɗan maƙera, mai hannu da kunne, mun gode. Masu tasowa a cikinmu su koyi cewa a'a irin taka, wadda ba ta yanke zumunci.

Yanzu idonsa ya yi rauni, gida zai koma. Abin da ya dame mu shi ne ya tafi da wannan suna a kansa. Ranar walimar sallama a wajen Hajiya Saffana kujeru da yawa babu kowa. Ana cikin ci Ghali ya shigo, ya durƙusa kusa da shi, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Hajiya ta ce, "Malam Ghali, da ka faɗi waccan maganar ba raɗa ka yi ba."

Ghali ya miƙe, ya cire hula, ya juyo ya fuskance mu.

"Jama'a, ƙarya na yi wa Baba Tankari. Bai taɓa kai rahoton kowa ba. Ku faɗa wa waɗanda ba su zo ba. Baba, don Allah ka yafe mini."