Ranar da Muka Yi wa Jemage Ruwan Hoda

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Mamuda Direba ya shigo garejina da wata mota da duk Jibiya babu wanda bai san ta ba. Da damina ne, shekarar da aka sake buɗe boda. Ina durƙushe ina gugar ƙofar wata mota, sai na ji maƙwabtana masu walda sun kashe injinsu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, Jemage ce!"

Ku da kuka shigo aikin fenti kwanan nan ba ku san Jemage ba. Tsohuwar wagon ce doguwa, wadda wani ɗan fasa-ƙwauri ya daɗe yana ratsa daji da ita tsakaninmu da Nijar. Baƙin fenti marar ƙyalli ya shafe ta da shi, don kada haske ya tona masa asiri. Duk jami'in da ya yi aiki a shingayen hanyar nan, daga Magama har Katsina, ko dai ya taɓa bin ta, ko ya sha labarinta. Da mai ita ya tuba ya bar sana'ar, ya sa ta a kasuwa, kowa ya ja da baya. Mutanen wani ƙauye a yankin Riko ne suka haɗa hannu suka saye ta, don kai mata masu naƙuda da marasa lafiya babban asibiti. Mamuda suka ɗauka direba.

Ba shi kaɗai ya zo ba. Wata tsohuwa 'yar siririya ta fito daga gidan baya, ta tsaya tana ƙare wa garejin kallo. Ita ce Inna Yalwa, ungozomar ƙauyen. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta shiga magana.

"Kai ne Lawal mai fenti? To ji nan, ɗana. Wancan sati mun ɗauko yarinya tana naƙuda. Duk shingen da muka iso sai an tsaida mu, a buɗe but, a leƙa ƙarƙashin kujeru. A bakin ƙofar asibiti ta haihu, cikin mota. Allah ne ya kiyaye. Kuma ban ga laifinsu ba. Ko ni aka aje a shinge na hango wagga mota, sai na tsaida ta. Ka sake mata kama."

Na ce su bar ta, su dawo in na gama. Ta ce, "Mi? Mota ta kwana Jibiya? In haihuwa ta taso hwa?" Haka aka yi na kwashe injin iska da janareta da bindigar feshi, na bi su ƙauye. A gidan Maigari, bayan rumbuna, nan ya zama garejina.

Abu na farko shi ne irin fentin da za a sa. Mamuda ya nace sai otobes, wato fentin nan na motocin manya da ake bi da ruwan ƙyalli a sama. Ban yi masa musu ba. Na jiƙa tsumma da tina mai ƙarfi, irin wadda ake sirka otobes da ita, na ɗora a gefen marfin but. Kafin mu gama shan fura wurin ya tattare kamar fatar ƙadangare. Wannan gwajin kada ku taɓa tsallake shi a tsohuwar mota. Baƙin da ke jikin Jemage fentin mai ne, kuma an yi ta lafta shi bisa wani. In ka fesa mai ƙarfi a kansa, zai ci na ƙasa, aikin duka ya tashi. Ko dai a kankare ta har ƙarfe, motar ta daɗe ba ta fita, ko a bi ta da ɗan'uwansa fentin mai. Shi yana da haƙuri da aikin tsakar gida, kuma in ya ƙuje, ko a ƙauye ana iya taɓa shi. Aibinsa ɗaya, ba ya saurin bushewa. Mamuda ya shafa wurin da ya tattare, ya ce, "To, a yi na man."

Maganar launi ce ta tara gari. Bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan Maigari, kowa da nasa ra'ayin. Mamuda ya ce fari, kamar motar asibiti. Wani dattijo ya girgiza kai, ya ce daga nesa farar mota kan yi kama da ta hukuma, kuma kowa ya san akwai mutanen daji da ba sa tambaya kafin su yi harbi. Aka ce kore, aka ce ai wannan ya fi muni. Aka ce shuɗi, na ce rabin motocin da ake bi a daji shuɗaye ne. Aka ce rawaya, Mamuda ya ce za a ɗauke shi ɗan haya, a sa shi layi. Da aka ambaci ja, Liman ya ce ba za a ɗauki mai naƙuda a cikin launin jini ba.

Duk wannan Inna Yalwa na daga soro tana ji. Sai ta fito riƙe da bahon roba, wanda take wankan jarirai a ciki, ta dire shi a tsakiyar tabarma.

"Ga shi nan. Wanga launi za a yi."

Ruwan hoda ne, shar da shi. Wurin ya fashe da dariya, har Maigari sai da ya rufe baki da hannun riga. Mamuda ya miƙe tsaye. "Haba Inna! Ni da gemuna in shiga tasha da motar amare? Ai direbobi sai su hana ni shan ruwa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ranar da na yanke maka cibi ba ka da gemu. Zauna."

Ana ta dariya, ni kuwa bahon nake kallo. Na shiga lissafa motocin da suka taɓa wucewa ta hannuna, da waɗanda nake gani daga Katsina har Maraɗi. Babu mai wannan launi ko ɗaya. Ɗan fasa-ƙwauri ba zai shafa shi ba, hukuma ba ta amfani da shi, ɗan haya ba ya so. Na ce, "Ranka ya daɗe, Inna ta fi mu gani. Wanda ya hango motar nan sau ɗaya ba zai ƙara haɗa ta da wata ba." Maigari ya ce, "A yi na baho."

Akwai ƙa'idar da sai an bi, ku riƙe ta. Ba a sauya launin mota a bar takardunta da tsohon launi. Washegari Maigari da Mamuda suka je ofishin lasin aka gyara, daga nan suka bi shingayen hanya suna sanarwa. Mamuda ya ce Sufeton da ke babban shinge sai da ya riƙe ciki don dariya, sannan ya ce, "In dai da wannan launi na hango ta, ba sai kun yi ham ba. Amma ranar da na sami ko buhu ɗaya a cikinta, alkawari ya warware." Maigari ya ce ya ɗauki wannan a wuyansa.

Na goge ta da samfefa, na cike lotsattsun wurare, na bi ta da farin shafen ƙasa don kada baƙin ya leƙo. Sai haɗa launi. Fari ne uwa, ja kuwa ɗigo-ɗigo ake zuba shi. In na juya, sai in shafa a marfin gwangwani in kara da bahon. Mata sun jeru a bayan danga suna yi mini alƙalanci. "Bai kai ba!" "Ƙara kaɗan, Malam Lawal!" Da ya yi daidai da bahon suka ce ya isa, na ƙara wani ɗigon. Inna ta ce, "Ka zarce." Na ce, "Inna, ranar garin nan tana cin ja. In na tsaya daidai, baɗi war haka motarki ta koma launin koko." Ta ce, "To, nan kai ne ungozoma."

Ranar Lahadi na yi feshin ƙarshe. Muka kafa tamfol, aka yayyafa wa ƙasa ruwa, aka kulle kaji da awaki. Na jira raɓa ta ɗauke, don laimar damina kan sa fenti ya yi hazo. Da hantsi na sauke bindigar feshi, aka ɗage gefen tamfol. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Motar tana sheƙi kamar a lasa. Mamuda ya zagaya ta, ya sake zagayawa, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Na ja kunnen kowa: kada wanda ya taɓa ta sai gobe da yamma, ko ƙuda in ya zo a kore shi.

Muna idar da azahar wani magidanci mai suna Isiya ya faɗo gidan a guje, ko takalmi babu. Matarsa ce ke naƙuda. Inna ta riga ta duba ta, ɗan ya kwanta a gicciye, kuma jini ya ɓalle. Sai ga Innar a bayansa tana ɗaura ɗankwali.

"Mamuda, tada mota!"

Bakina ya riga tunanina. "Inna, fentin bai bushe ba!"

"Shi fentin naka numfashi yake yi?"

Ban san lokacin da na fara yage takardun da na rufe gilasai da su ba. Aka shimfiɗa tabarma da zannuwa a baya, aka kwantar da matar, Inna ta shiga kusa da ita. Mamuda ya murza makulli, mota ta yi ƙus. Batir ya yi sanyi saboda zama. Ya leƙo ya ce, "A tura!" Maza suka yi cirko-cirko, kowa na kallona. Na ɗora tafukana biyu a kan ɗanyen fentin, na ce, "Bismillah!" Isiya ya kama, Liman ya kama, Maigari da kansa ya naɗe babbar riga ya kama. Motar ta yi tari, ta ɗauka. Na faɗa gidan gaba da sauran takarda manne a hannuna.

Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya. Da muka hau kwalta na hango layin motoci a babban shinge, na shanu da na hatsi, ya miƙe ba iyaka. Matar ta daina nishi ma, Inna sai kiran sunanta take yi. Kafin Mamuda ya kai hannu ga ham, na ga wani jami'i ya ɗora hannu a goshi yana hangenmu. Ya juya ya yi ihu. Biyu suka ruga suka mirgine ganga, ɗaya ya janye katakon ƙusa, Sufeto ya tsaya tsakiyar titi yana tsaida masu tahowa da hannu ɗaya, yana kaɗa mana ɗayan. Muka wuce ta gefen layi, direbobi na leƙowa baki buɗe. Shinge na gaba kuwa a buɗe muka same shi, an riga an yi musu waya. Mamuda na tuƙi yana faɗin, "Allahu Akbar! Inna, kin gani? Kin gani?" Ta ce, "Dubi gabanka!"

Aiki aka yi wa matar. Muna zaune a gindin bishiya har la'asar ta yi sanyi, sannan Inna ta fito ta ce an sami ɗiya mace, uwar ma ta farfaɗo. Isiya ya durƙushe a wurin yana kuka.

Sai a lokacin na je na dubi aikina. Ƙasa ta manne a gefuna, ƙwari sun mutu a goshi, ganye ya kama rufi. A baya kuwa tafukan hannu ne birjik, manya da ƙanana, har zanen yatsu ana gani. Na ce wa Maigari in ta bushe zan goge in sake feshi. Ya amince da gefuna da goshi da rufi. Da na zo kan baya, Mamuda ya tare ni. Ya ce, "Malam Lawal, nan dai a bar shi. Ni da ke tuƙi ma ban samu na sa nawa hannun ba."

Tun daga wannan aiki, in mutum ya kawo mini tsohuwar mota, ba na fara buɗe masa gwangwani. Sai na tambaye shi wace hanya take bi, wa take ɗauka, su wa za su hango ta kafin ta iso. A bakin boda launi yakan riga direba magana. Kuma mutanen da muke yi wa aiki sun san hanyarsu fiye da yadda muka san fenti, don haka ku saurare su, ko da sun zo muku da abin dariya. Ni dai a duk motocin da na fesa, wadda nake nuna wa mutane in ta gifta ita ce wadda aikina ya ɓaci a jikinta tun bai wuni ba.