Yaya a Cikin But

Yayana bakanike ne, kuma da kunne yake aiki. A shekarun da aka fara shari'a aka rufe wani gidan giya a bayan tashar Daura, shi kuma ya kafa gareji a farfajiyar. Idan mota tana ƙara, ba ya taɓa sufana sai ya shige but ɗin bayanta ya kwanta, ni in ja, shi ya saurara. Tuwon gidanmu duka daga kunnen nan yake fitowa.

Wata rana wani dillalin shanu daga Mashi ya kawo jar mota mai ƙofa biyu, sabuwar shigowa ta kan iyakar Kongolam, cikinta kamar zai share ƙasa. Motar samari a hannun dattijo, na dai danne dariyata. Ya ce a miƙe lafiya lau take, amma da ya sha kwana sai bayanta ya kama gurza kamar injin niƙa ya gamu da tsakuwa. Ko boris ɗin taya ne, ko birki ke cin ƙarfe, sai an ji gefen da ƙarar take fitowa.

Tun damina na lura sai an maimaita wa yaya magana, rediyonsa kuma har maƙwabta suna ji. Babu wanda ya furta a gidan, kowa tsoro yake ji.

But ɗin ɗan mitsitsi ne, yaya ya lanƙwashe ya shiga da ƙyar. Na ɗauki hanyar Sandamu. Da na karya hagu, ƙarar ta taso daga dama har cikin haƙorana. Na karya dama, ta lafa. Ko ni na gane boris ne. Na tsaya na buɗe masa, ya ɗago jiƙe da gumi, ransa a ɓace.

Ya ce, “Me kake jira ne? Ka sha kwanar mana.”

Na rufe but ɗin na sake zagayawa, ina tuƙi ina kuka.

Da muka dawo, dillalin yana tsaye yana jiran bayani. Na kama hannun yaya ina fito da shi, na kai bakina kunnensa na raɗa masa boris ne, tayar dama.

Ya juyo ya dube ni a gaban mutumin, ya ce, “Magana ka yi?”