Ƙahon Saja Mwakalinga

Shekara goma sha tara ina akawu a barikinmu, ni ke buga takardar buƙatu da ake turawa hedikwata kafin a tsara kasafin tsaro. Kuma duk shekara abu na ƙarshe a jerin shi ne sabon ƙaho na Saja Kasimiri Mwakalinga.

Mutumin garin Tukuyu ne, gajere, ga kumatu. Cikin 'yan badujala shi ke busa ƙaton ƙahon tagulla da ake rataya a kafaɗa. Wanda ya gada ya tsufa, duk faci da dalma. Burinsa ɗaya a duniya: ya busa sabo kafin ritaya.

Su kuwa manya daga ƙasa suke datse jerin. Tayoyi su tsira, takalma su tsira, ƙaho ya sha jan biro. Wallahi abin na ƙona min rai.

"Akawu, bana fa?" Haka Mwakalinga yake leƙowa, tuwon masararsa na ugali a hannu.

"Baba, ƙaho na kare iyaka ne?"

"Ɗan banza! Wa ke tashinku fareti, tayar mota?"

A shekararsa ta ƙarshe aka yi abin mamaki. Saura kwana tara Yuni ya ƙare, shekarar kasafi ta rufe, sai aka gano akwai ragowar kuɗi. A ƙa'ida, abin da ba ku kashe ba ya koma baitulmali, baɗi kuma a rage muku. Kanar ya faɗo ofishina yana gumi.

"Me ya rage a jerin nan?"

"Ƙaho, Yallaɓai."

"A sayo! Yau!"

Na ruga kai albishir a guje babu hula. Mwakalinga ya rungume ni, ya rungumi mai shara, ya sara wa akuyar kantin.

To amma sayen gwamnati ba ya sauri. Yuli ya wuce, Agusta ya wuce. Kullum Mwakalinga yana bakin sito, har ya rame. Akwatin bai iso ba sai safiyar sallamarsa.

A barikinmu, mai ritaya a buɗaɗɗiyar mota ake ɗora shi, abokai su ja ta da igiya zuwa ƙofa. Da ya fita ya zama farar hula. Kofur Ndimbo mai sito ya miƙa masa ƙahon yana tsuke fuska.

"Kayan gwamnati ne, Baba. Iyakarsa ƙofa."

Daga filin fareti zuwa ƙofar taku ɗari biyu ne. Mwakalinga ya hau, ya cika kumatu, ya busa. Jama'a! Sai da cikina ya girgiza. Mata suka saki guɗa, matarsa Tumpe ta tuɓe takalmi ta shiga rawa.

Ba wanda ya ba da oda, amma masu igiya suka karkata hagu. Muka zagaya ɗakin cin abinci, muka zagaya asibiti, muka sake zagaya ɗakin cin abinci. Kanar ya duba agogo, ya cire shi ya sa a aljihu, ya kama igiya. Awa biyu muna ja, muna dariya kamar mahaukata.

Mwakalinga da kansa ya ce, "Ya isa, yara. Numfashi ya ƙare."

A ƙofa ya goge bakin ƙahon da hannun rigarsa, ya miƙa wa Ndimbo, ya taka waje. Ndimbo ya tsaya rungume da ƙahon yana kuka, ya kasa ko sara masa.