Mitwalli Mai Guga da Kanar Badran

Mitwalli mai guga ne a unguwar Shubra. Yana ɗan shekara ashirin da biyar Ustaz Fikri, mai zanen bangon littattafai, ya kawo masa riguna. Fikri ya tsaya yana kallon tabon da ke girar Mitwalli, can ya ce, "Gobe ka same ni a shago. Kai ne Kanar Badran."

Kanar Badran ɗan leƙen asiri ne a wasu ƙananan littattafai masu fitowa duk wata. Shekara ashirin da uku Mitwalli na zama a kujera da bindigar katako ana zana shi. Bai iya karatu ba, matarsa Ihsan ke karanta masa bayan la'asar. A gidan shayi ba a barinsa ya sarara, kullum sai wani ya zolaye shi.

"Ranka ya daɗe Kanar, an gama ceto ƙasa? To ina wandona?"

Ɗansu guda, Hamada, ya gama makaranta ya rasa aiki, ya bi ta Libiya zai haye teku zuwa Italiya. Ya kira sau biyu. Daga nan shiru.

Mitwalli ya sa kwat ɗin da ake zana shi da ita, ya shiga bin ofisoshi. A wata ƙofa mai gadi ya ƙare masa kallo.

"Baba, kamar na san fuskar nan."

"Ɗana nake nema."

"Kowa a nan ɗansa yake nema. Bi layi."

Ran da ya cika wata huɗu yana dawowa hannu rabbana, Ihsan ta tare shi a bakin ƙofa. "Sau nawa ka ciro 'ya'yan wasu daga kurkuku a littattafan nan, Baban Hamada? Nawa ɗaya ne. Ɗaya tak!"

Da ya koma wurin zane ya zauna da bindigar, idonsa a ƙasa. Ustaz Fikri ya ajiye burushi, ya ce a hankali, "Je ka huta, ɗan'uwana. Idon nan ya tashi daga na Badran." Aka ɗauko wani saurayi a madadinsa.

Ihsan ta rasu a shekara ta uku da ɓacewar Hamada. Mitwalli na nan yana guga. Duk wanda aka ce ya dawo daga Libiya, sai ya rufe shago ya je da hoton Hamada. Mafi yawansu kai suke girgizawa. Masu tausayi kan ce sun ga mai kama da shi.