Akwatin Idon Yayana

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma duk layinmu Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Shagonsa yana tsallaken babban titi, tsakanin mai faci da kantin magani, ɗan ƙuƙut, mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi a gida, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina tsallakar da shi titin nan da safe, in koma da yamma in ɗauko shi.

Ciwo ne ya cinye masa gani a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, har idon ya rufe yana da shekara arba'in. Aiki kuwa bai fasa ba. Da hanci yake gane wayar da ta ƙone, da ɗan yatsa yake gane kusar da ta yi sako-sako, ya narka dalma ya liƙe abu tsaf. Makantar ba ta ci masa rai kamar jan da ake yi masa ba. Yaya akwai girman kai, Allah ya sani, kuma da wuya mu kai bakin shago ba mu yi faɗa ba.

"Ke, a hankali mana! Akuya kika ɗauko?"

"To saki hannuna ka tafi, Yaya."

"Da zan iya, ko inuwarki ba zan bi ba."

Dariya nake yi, amma na san har zuciyarsa yake faɗa.

Ana nan sai likitansa ya ce wani kamfani yana neman irinsu, za a gwada sabuwar na'ura. Aka yi masa tiyata, aka dasa wani ɗan ƙarfe da bai kai farce ba a can cikin idon dama. Aka ba shi tabarau mai kyamara, da 'yar akwati da yake ratayawa a ɗamara, waya ta haɗa su. Wata uku yana jelen asibiti ana daidaita akwatin da kwamfuta, don an ce kowane ido da nasa saitin.

Kada ku ɗauka duniya ya gani. Ɗigo-ɗigon haske ne kawai, babu launi, babu fuska. Ranar da aka kunna, ya juyo wajena ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe haka kika yi ƙiba ba wanda ya gaya mini?" Na zage shi ina kuka. Amma ɗigon nan suna nuna masa bakin ƙofa, da gefen kwata, da motar da ke tahowa. Kafin wata ya ƙare ya sallame ni. Shekara uku yana tsallaka titi shi kaɗai, kai a sama, yana juya wuya a hankali hagu da dama, ni kuma ina leƙensa ta taga, ƙafata a kan keken ɗinki.

Sai aka sayar da kamfanin, wanda ya saya ya ce abin ba riba, ya rufe sashen. Takarda suka aiko mai ɗauke da godiya. Godiya! Kun dasa ƙarfe a idon bawan Allah, kun kwashe kayanku kun yi gaba, lambar wayarku ma ta daina shiga. Har gobe in na tuna takardar nan sai raina ya ɓaci.

Ba a jima ba akwatin ya fara wasa, hasken ya ɗauke ya dawo. Yaya ya shafa, ya girgiza a kunne, ya murɗa wayar, ya ce wa likita, "Liƙin bakin wayar ne ya saki daga ciki. Aikin minti biyar ne."

"Injiniya, don Allah kada ka buɗe," in ji likita. "Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyarsu da ke zagayawa tana taimakon mutane. Nan da wata uku za ta zo."

Bai faɗi dalilin hana buɗewar ba, don shi ma bai sani ba. Ku duba fa: mutumin da ya yi shekara talatin ana kawo masa abin da ya mutu yana tayarwa, shi aka ce ya zauna da ciwon da ya gane, sukundireba tana gabansa. Duk da haka ya daure sati tara.

A sati na goma hasken ya ɗauke yana tsakiyar titi. Ya tsaya cak, motoci na ta hon, wani direba ya leƙo yana zaginsa, har mai faci ya rugo ya ja shi da wuyan riga a gaban jama'a. Ranar ko rediyo ɗaya bai taɓa ba. Da azahar ya kwanto akwatin ya ɗora a tebur, ya kwance kusoshi huɗu. Wayar tana nan a sake, daidai inda ya faɗa. Ya liƙe ta, ya mayar da murfi, ya kira mai faci ya duba.

"Koriyar fitilar ta kama, Injiniya!"

Ya sa tabarau, ya jira. Duhu ne kawai.

Da matar ta zo, ni na kai shi. Ta buɗe akwatin, ta duba, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin liƙi mai tsafta irin wannan ba. Sannan ta faɗi sauran. An ƙera akwatin ne yadda da zarar baƙon hannu ya ɗaga murfin, zai goge saitin da ke ciki, wai don kada a saci fasaharsu. Kwamfutar da ke mayar da saitin kuwa ta tafi tare da kamfanin. Ita tana da makullin da ake sawa kafin a buɗe, amma ba ta da abin da ke dawo da wanda ya goge. Ƙarfen idon ma likita ya ce cire shi akwai hatsari, gara a bar shi.

Na buɗe baki zan yi masifa, Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Gyaran dai ya yi?" ya tambayi matar.

"Ya yi, Baba."

Sai ta ce akwai wata malamar makaranta mai irin na'urarsa da tabaraunta ya karye, akwatinta kuma lafiya lau, ga shi an daina ƙera sabo. Ba ta ƙarasa ba ya cire nasa, ya goge da gefen riga, ya miƙa wajen da yake jin muryarta.

"Ki ce mata hannun tabaraun na hagu yana ɗan sako-sako, ta riƙa ɗaure kusar."

Muka fito. A bakin matakala ya tsaya, na tsaya. Ban miƙa hannu ba, don na san halinsa. Mutane suna ta raɓa mu suna wucewa. Can ya ce, a hankali yadda ba wanda zai ji sai ni:

"Gobe ƙarfe nawa za ki gama karyawa? Zan jira ki a ƙofa."