Yafewar da Sai da Aka Maimaita

Ɗana na fari a Madina aka haife shi, gyaran wutar mota yake yi a wani gareji a unguwar Sultana. Wata rana bayan la'asar suka yi cacar baki da maƙwabcinmu, wani dattijo mutumin Damagaram, a kan wurin ajiye mota. Yaron ya buɗe ƙofar motar da fushi, ƙofar ta bugi dattijon, ya faɗi a kan hannunsa. Asibiti suka sanar da 'yan sanda, aka zo aka tafi da shi.

Mu da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zaman baƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada magana ta kai kotu a ce ya bar ƙasar, a mayar da shi Kano, garin da bai sani ba sai a bakina.

Na yi abin da na tashi na ga ana yi. Na nemi dattawan unguwa, muka ɗauki dabino da turare muka je ban haƙuri. Dattijon na zaune da hannu a ɗaure, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, ɗanki ɗana ne. Na yafe duniya da lahira." Aka shafa fatiha. Na koma gida na ɗora tuwo, ina jiran yaro ya shigo. Bai shigo ba, washegari ma haka.

'Yan sanda suka ce magana ta bar hannunsu, tana niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara. Ni a zatona daga ɗan sanda sai alƙali. Ashe akwai wani gida a tsakani.

Na tafi niyabar da 'yata, don Larabcina na kasuwa ne. Karatun da na yi a makarantar manya ya ishe ni in bi rubutun ƙofofi a hankali. Kowace ƙofa da nata aiki: ga masu duba laifin taɓa lafiyar mutum, ga na dukiya, ga na ƙwaya, can ƙarshe na rigimar iyali da yara. Wata ma'aikaciya ta ce mana akwai ma waɗanda aikinsu zagaya wuraren tsare mutane, su ga ba a riƙe kowa ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Mai binciken da maganar ke hannunsa matashi ne, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, 'yata na fassarawa, su ne ke karɓar abin da 'yan sanda suka tattara, su ji ta bakin kowa, sannan shugaban sashe ya duba ko a rufe magana ko a miƙa wa abokin aikinsu da ke tsayawa gaban alƙali. Ya ce haƙƙi biyu ne: na wanda aka yi wa rauni, da na jama'a, wanda su ke riƙe da shi.

Na ce, "Ai mai haƙƙin ya yafe."

Ya ce, "Khala," wato inna, "a gaban wa?"

Na lissafa masa dattawan. Ya yi murmushi, ya ce bai ƙaryata kowa ba, amma sai mutumin ya zo ya faɗa da bakinsa a nan.

Nan abin ya yi mini nauyi. A wurinmu, ka koma wa babba ka ce ya sake faɗin abin da ya riga ya faɗa gaban mutane, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Dattawan ma suka noƙe. Ga shi kuma dattijon ya tafi garin Badar jinya wurin 'yarsa.

Surukina ya kai ni. Na sami dattijon a inuwar dabino yana shan shayi. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɗago kai ba.

Ya ajiye kofin shayinsa. Can ya ce, "Hajiya, maganata ce ba ta isa ba?"

Na ce, "Malam, ni ta ishe ni. Su ne ba su zauna da mu ran nan ba."

"To, mutanen Kano, ku jefar da tsoho, kuma ku sa shi zirga-zirga."

"Za mu sa ka gaban mota, kusa da esi."

Ya yi dariya, ya ce a miƙo masa takalmansa.

A niyaba mai binciken ya tambaye shi ko wani ya tilasta masa. Ya ce, "Ni? Wannan baiwar Allah ko muryarta ba a ji sosai." Ya maimaita yafewarsa, ya ƙara da cewa shi ma ya zafafa baki a ranar. Da aka haɗa da bayanin likita cewa raunin ba mai tsanani ba ne, aka saki ɗana kafin magariba. Haƙƙin jama'a ya ɗan ɗauki lokaci a gaban shugaban sashe, daga baya aka sa yaron ya yi alkawarin kiyayewa, aka rufe maganar ba a je kotu ba.

Yana nan a garejinsa. Bara ya yi aure, dattijon ne ma ya karɓa masa auren.